Jakin Sanda da Ramin Farko

Daga gida, ƙasar Urafan, farkon damina.

Zuwa ga Yaya Sanda, a Tamanrasat.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta iske ka cikin ƙoshin lafiya, kai da waɗanda kuke zaune tare. Allah ya tsare ƙafarka bisa gini, ya raba ka da sharrin ƙarfe da na mutum, ya sa albarka cikin guminka. Mu nan lafiya lau, sai godiyar Allah. Inna tana nan da ƙarfinta, haƙorin da ya hana ta sukuni ya fita da kansa, ta huta mun huta. Baba kuwa ƙugun nan ne dai, tun faɗuwar da ya yi daga bisa rumbu da kaka bai koma daidai ba, yana dogara sanda daga ɗaki zuwa zaure, iyakarsa ke nan. Matarka Mardiya lafiya take. Ɗiyarka Samira ta wuce aji a lakwal, makarantar boko, tana ta yi mana faransanci a tsakar gida ba mai amsa mata. Jar akuyarka ta haifi biyu, ɗaya ya zauna, ɗaya bai zauna ba.

Za ka yi mamakin ganin takarda alhali ga waya. Dalili kuwa shi ne saƙon murya ba ya da sirri a gidan nan. Wanda ka aiko wa ƙanenmu Shu'aibu kana yi masa faɗa a kan ya kashe maka moto, a zaure ya buɗe shi, kowa ya ji, har mai shayi ya tsaya da buta a hannu yana saurare. Yaron nan bai ci tuwo ba ranar. To, ni ba na son in biyo ta wannan hanyar, shi ya sa na ari biron Samira na zauna. Ɗan Baba direba zai kai ta Agadas, daga can ya san wanda zai ba. Abin da nake so shi ne in faɗa maka yadda lamarin kwad ɗin, wato moton nan mai ƙafa huɗu da ka aiko, ya faru daki-daki, tun daga fari har ƙarshe, in ka gama karantawa sai ka raba laifin yadda ka ga dama.

Ka san al'adar gidanmu, amma bari in maimaita don ka ga inda nauyin yake. Ba a taɓa shuka gandunmu na Tudun Gawo ba sai Baba ya jefa irin farko da hannunsa, babban ɗa ya rufe ramin da diddige, sannan kowa ya duƙa. Bara da ba ka zo ba, shi ya jefa, shi ya rufe da ƙafarsa. Bana ga ƙugu. Tun da rani ya tara Kawu Bature da mu duka ya ce in ruwan shuka ya sauka ƙafarsa ba ta taka Tudun Gawo ba, to ya san Allah ya sauke shi daga riƙon gida, zai raba gandu kowa ya kama gabansa. Ka san shi ba ya faɗi ya sake. Aka ce a ɗora shi a amalanke, ya ce amalanke na buhu ne da marar lafiya da gawa, shi ba zai isa gonarsa a kwance ba. Moto mai ƙafa biyu kuma ba ya hawa rairayin tudun nan da tsoho a baya. Wannan ne ya sa ka aiko mai ƙafa huɗu, kuma ka kyauta, Allah ya saka. Ni dai ban ɓoye maka ba, tun da mahaifin yarana ya rasu na dawo gida, daga rumbun gandu muke ci. In an raba, mace ba ta da sungumi a wannan lissafi, sai abin da aka ga dama.

Da farko abin ya yi kyau. Shu'aibu ya koyi tuƙi a filin ƙwallo, Baba ya sa aka shimfiɗa masa buzu tun daga kan tanki har wurin zama, ya raɗa masa suna jakin Sanda. Da shi yake zuwa Juma'a, yana zaune ƙyam da rawaninsa, mutane na ɗaga masa hannu. Har ta'aziyya suka je Kanembakashe suka dawo lafiya. Bayan wannan tafiyar ne muka fara jin warin esansi, wato fetur, a rumfar da ake ajiye shi. In ka duƙa sai ka ga ƙasa ta jiƙe, mai yana ɗiga daga wani siririn tiyo da ya sauko daga gindin karburatar. Tashi ya zama aiki. In ya tashi sai baƙin hayaƙi, yana tari yana shaƙewa, da ka saki hannu sai ya mutu. Wannan shi ne lokacin da labari ya iso maka ka yi faɗa.

Ranar kasuwar Urafan aka tura shi wurin Muddassir, makanisiyen nan na Tasawa da ke zuwa cin kasuwa da akwatin kayan aikinsa. Ya kwance buji, wato fulogi, ya fito da shi baƙi ƙirin yana naso da mai, ya sa sabo. Ya ƙwanƙwasa gindin karburatar da ƙotar turnabis, abin kwance ƙusa, ɗigar ta tsaya nan take. Ya ce mai ne yake shiga fiye da kima, datti ya tokare allurar da ke rufe masa hanya, kuma yana zargin esansin kwalba da muke saye a bakin hanya. Ya ce a riƙa tace shi da tsumma mai tsabta, a kuma rufe robine, ɗan famfon man tanki, duk sanda aka ajiye. Maganarsa gaskiya ce, ban ga laifinsa ba. Bai ɗaga buzun Baba ba, don ba abin da zai kai shi can. Muka bi abin da ya ce, har kallabina sabo na sadaukar don tata. Jaki ya yi lafiya na ɗan lokaci, sannan ɗiga ta dawo kamar ba a yi ba.

Nan ne Inna ta shigo cikin zancen. Ka san ta, duk abin da ke yoyo a gidan nan sai ta toshe shi, ƙwarya ce, tulu ne, ko bokiti. Wata safiya tana shara ta ga mai na zuba a ƙasa, Shu'aibu ya manta bai rufe robine ba. Ta ce wannan ai asara ce, ta fiƙe tsinke ta cusa a bakin tiyon, ta naɗe da zare tamau. Ɗiga ta tsaya. Ta ci gaba da shararta, ba ta faɗa wa kowa ba, tana jin daɗin ta yi abin da makanisiye ya kasa. Ashe wannan tiyon ƙofar fita ce da aka yi wa man da ya yi yawa. Da aka toshe ta sai ya nemi wata hanya, ya malale cikin injin. Washegari Shu'aibu ya danna tayarwa, sai muka ji ƙif, injin ya ƙi ko juyawa. Ya kama igiya zai fizga da ƙarfi, na ce masa ya sake ta tun bai karya wani abu a ciki ba, kada garin neman gira a rasa ido.

Muddassir ba zai dawo ba sai wata kasuwar, ga gabas ta fara haɗa baƙi da yamma. Na ce to, ba a fafe gora ranar tafiya, bari in duba da kaina. Kada ka ɗauka wani ilimi gare ni. Ɗan injin niƙan wake da tattasai da marigayi ya bar mini shi ma esansi yake sha, kuma na gaji da biyan mutane su buɗe mini shi, na koyi buɗewa. Na kwad ya fi girma, amma tsarin ɗaya ne. Akwai ɗan kwano a ƙasa inda mai ke taruwa. Cikin kwanon akwai wata roba mai iska a ciki da ke yawo bisa man, ita suke ce wa flotar. In kwano ya cika sai ta taso ta tura ƴar allura sama, allurar ta toshe ramin da mai ke shigowa. Shi ke nan dabarar. In mai ya ƙi tsayawa, to ko robar ta huje ta nutse, ko bakin allurar ya cinye, ko wani abu ya shiga tsakaninta da mazauninta.

Muka shimfiɗa tabarma a inuwar itacen bedi, nesa da murhu, na kori yara. Shu'aibu ya kwance karburatar ya miƙo mini, na jera ƙusoshin cikin faranti don kada rairayi ya haɗiye su. Na fara da flotar. Na girgiza ta a kunne, ban ji motsin mai a ciki ba. Na danna ta cikin ruwan ɗumi in ga ko za ta yi kumfa, ba ta yi ba, lafiyarta lau. Na duba bakin allurar a rana, baƙar robar da ke kansa ba ta yi zobe ba, ba ta tsage ba. Sai na mayar da su, na ɗaga flotar da yatsa, na hura ta inda mai ke shiga. Da a ce allurar na rufewa da iskar ba ta wuce ba, amma na ji tana fita siii. Na leƙa mazaunin allurar, sai ga wani ɗan abu ja-ja ya lafe a gefe, bai kai ƙwayar gero ba. A gindin kwanon ma akwai irinsa. Na fitar da shi da tsinken tsintsiya, na wanke ko'ina da mai mai tsabta, na sake hurawa, iska ta tsaya cak.

A nan ne na ci karo da tsinken Inna. Na zare shi na kai mata, ta ce ita taimako ta yi, kuma wanda ya ƙera abu da rami a gindi shi ya kamata a tambaya. Ban ja da ita ba. Muka cire buji, muka ja igiya a hankali, mai ya yi tsartuwa daga ramin har ya jiƙa wa Shu'aibu riga. Da na zaro sandar gwajin baƙin mai sai na ga ya haura alama, ya tsinke kamar ruwa, yana warin esansi. Da an tayar da injin a haka da ya ci kansa. Muka juye shi duka muka zuba sabo. Aka shanya buji, aka mayar, jaki ya tashi da murya mai daɗi, hayaƙin ya washe. Na wanke hannu na ce an gama. Shu'aibu har rawa ya taka.

Ba a gama ba. Ranar Juma'a suka kai Baba masallaci, a hanyar dawowa ya fara tari, a ƙofar gida ya mutu, ga tiyo yana zuba. Ran nan kuma labari ya zo cewa an yi ruwa a Maireyrey har sun fita shuka. Baba ya sauka ya shiga zaure, ya aika a gaya wa Kawu Bature ya zauna kusa, kada ya yi nisa cikin kwanakin nan. Kowa ya gane abin da ake nufi. Gaskiya ranar na ji tsoro. Na sake kwance kwanon. Abin da na gani kuwa shi ne dai dattin nan na wancan karon, ja-ja, ya fi na farko yawa. Na murza shi tsakanin yatsu. Rairayi yana da ƙaras-ƙaras, tsatsa tana ɓata hannu, wannan kuwa laushi gare shi kamar dusa. Kuma man nan da hannuna na tace shi. Ruwa ba ya tsami banza, na ce dattin nan ba daga kwalba yake zuwa ba, a gida ake yin sa.

Na ɗage buzu don in leƙa cikin tanki, na kama abin da ke bakinsa na zare, sai na tsaya da shi a hannu. Yaya, totuwar masara ce. Na sha zare ta ina zuba mai ina mayarwa, ko sau ɗaya ban yi tunanin komai ba, don duk jarka da gora da ke gidan nan da totuwa aka toshe su, ido ya saba. Da na juya gindinta sai na ga mai ya jiƙa ta ta ruɓe, girgizar hanya tana gugar ta da bakin ƙarfe, tana zubar da ɓawonta ciki kaɗan-kaɗan. Na murza ta a tafin hannu, ga abin nan ja-ja. Na kira Shu'aibu na tambaye shi ina murfin gaskiya. Ya ce ya faɗi a hanyar Kanembakashe, sun koma nema ba su gani ba. Baba ne da kansa ya zauna a zaure da wuƙarsa ya fere totuwar, ya gwada, ya rage, har ta zauna daram, ya ce ga murfi ya samu wanda ya fi na Turawa. Na ce to me ya hana ka faɗa wa Muddassir. Ya ce abin ya ɗan taɓa ransa, amma shi wane ne da zai cire abin da Baba ya sa da hannunsa, balle ya kai ƙararsa wurin baƙo a tsakiyar kasuwa. Ka ji laifin Shu'aibu ke nan, in laifi ne.

Sauran aiki shi ne yadda za a gaya wa Baba. Mutumin da ya rantse zai raba gida in moto bai kai shi gona ba, ga shi hannunsa ne ya kwantar da moton. Ni ban iya buɗe baki in faɗi wannan ba, Shu'aibu kuwa ko kusa. Sai na ɗauki farin faranti, na zuba dattin da na kwaso daga kwanon a gefe ɗaya, na murza totuwar a ɗaya gefen, na ajiye ita kanta a tsakiya. Inna ta haɗa da furarsa ta kai masa zaure ta ajiye ta fito, ita ma tana da nata tsinken a zuciya, ba ta tsaya ba. Muna leƙe ta tsakanin zana. Ya daɗe yana kallon farantin. Ya taɓa wannan, ya taɓa wancan, ya shinshina yatsa. Can sai ya jefa wa awaki totuwar, ya sha furarsa. Bayan la'asar ya kira ni ya tambaya ko akwai tsohuwar robar cikin taya a gidan. Na kawo. Ya yanka ta da'ira da wuƙar nan tasa, ya tambaye ni ko tankin yana bukatar numfashi. Na ce yana bukata, in ba haka ba mai ba zai sauka ba. Ya karɓi allurar Inna ya huda tsakiya, ya miƙo mini. Maganar totuwa ba ta sake fitowa daga bakin kowa ba har yau.

Washegari muka sauke tankin gaba ɗaya, don wanke karburatar kaɗai aikin banza ne matuƙar dusar na sama. Mun juye man ke nan, tanki na kife a kan turmi, sai iska ta juya, ƙanshin ƙasa ya bugo. Kafin mu kwashe kaya zuwa zaure ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Yara na tsalle a tsakar gida, mata na tara bokitai, mu kuwa muna duƙe da moto a warwatse. Ka san rairayin Tudun Gawo ba ya riƙe laima, in an yi ruwa yau gobe ake shuka, in ka yi jinkiri sai ka jira wani. Baba na zaune a kan buzunsa a kusurwar zauren yana jan carbi. Na roƙi Inna kada ta hura wuta saboda warin mai, ranar kowa fura ya sha. Muka riƙa zuba mai kaɗan a tanki, Shu'aibu ya girgiza, mu juye ta cikin kallabi, mu sake, har kallabin ya daina kama komai. Na kwance robine na wanke ƴar ragar da ke cikinsa, ashe ta yage a gefe, ta nan dusar ke wucewa. Sirajo maƙwabcinmu ya ciro ɗan filtar, abin tace mai, daga nasa moton ya ba mu aro, muka yanka tiyon mai muka sa shi a tsakani. Na sake wanke kwano da allura, na hura, ta rufe. Muka ɗaure robar Baba a bakin tanki, muka buɗe robine, muka zauna muna kallon siririn tiyon nan kamar masu jiran wata. Har aka kira magariba bai ɗiga ba.

Da safe bayan an fito masallaci Shu'aibu ya danna. Ya yi tari sau ɗaya ya kama. Inna ta yi guɗa, ta manta ba biki ake ba. Aka ɗora Baba, ya rungume ƙwaryar iri a cinya, Shu'aibu ya ja a hankali, mu muka bi a ƙasa da sungumi da sauran iri, da Kawu Bature da Mardiya da yara. Ina tafe ina duban bayan moton ko zan ga layin mai a kan rairayi, ban gani ba. Ya hau tudun nan bai ko yi nishi ba. Maƙwabtan gona da suka riga mu fita suka miƙe suna yi wa Baba barka, yana amsawa da kai. A gindin babban gawon aka tsaya, inda aka saba farawa. Aka sauke shi, ƙafarsa ta taka ƙasar, ya dogara da sanda. Ni a raina na ce alhamdulillahi, gandu ya tsira.

Shu'aibu ya sara ramin farko da sungumi ya ja baya. Baba ya yi bisimilla, ya ɗebi hatsi da yatsu uku ya jefa, bai kuskure ba. Sai ya tsaya. Mu ma muka tsaya. Ramin na buɗe, irin na kwance a ciki, ba wanda ya matsa. Ya gwada ya ja ƙasa da ƙafar da ke ciwo, ba ta ɗagu ba. Ya gwada ɗaga mai lafiyar, mai ciwon ta ƙi ɗaukarsa, sai da ya kama ƙarfen bayan moto. Kawu Bature ya ce wa Shu'aibu ya rufe mana, ai shi ma ɗa ne. Shu'aibu ya dubi ƙasa bai motsa ba, Baba kuma ya ɗaga hannu alamar a bari. Sai ya jingine sandar, ya bi jikin moton yana saukowa a hankali har gwiwoyinsa suka kai ƙasa, ya tara rairayi da tafin hannu ya rufe ramin, ya danna. Tashi ya gagara. Sai da Kawu da Shu'aibu suka kama shi ta hammata suka ɗaga. Mardiya ta juya baya tana gyara goyon da ba ta da shi. Ni na ji abin har cikin raina, Yaya, ban taɓa ganin Baba a durƙushe ba in ba salla yake ba. Ya ce mu duƙa rana na yi, muka duƙa. Ya zauna a kan moton a inuwar gawo har muka kai ƙarshen gona, ƙasar nan na hannunsa bai kakkaɓe ba.

To, ga inda ake yanzu. Ba a raba gandu ba bana. Kawu Bature ya koma harkarsa. Hatsi ya tsiro, an sake samun ruwa a kansa, muna shirin noman farko. Jakinka lafiya lau, ba ya ɗiga, ba ya hayaƙi. Shu'aibu yana rufe robine ko da fitsari ya tsaya yi, Inna kuma in ta zo shara zagaye shi take daga nesa. Muddassir ya duba aikin ranar kasuwa ya ce ba abin da zai ƙara, sai dai a sake juye baƙin mai nan gaba kaɗan don a tabbata esansin ya fita, kuma a saya wa Sirajo sabon filtar. Ya ce irin murfin nan ba a samunsa a Tasawa ko Maraɗi, sai can inda aka sayo moton. In za ka yi wa Shu'aibu magana, ka yi masa mai daɗi, kuma ka tuna a zaure zai buɗe.

Inna tana gaishe ka, ta ce ka riƙa cin abinci mai ruwa. Kawu Bature yana gaishe ka. Mardiya ta ce in gaishe ka, sauran maganarta ta ce ba ta biro ba ce. Samira da ƙannenta suna gaishe ka, haka Shu'aibu da A'ishatu matarsa, da Sirajo, da yarana. Ka gaishe mana da Ibrahim ɗan gidan liman in kuna haɗuwa, ka ce masa tsohuwarsa na nan lafiya, da duk mutanen ƙasarmu da ke wurin.

Da zan rufe takardar na je zaure na tambayi Baba ko yana da saƙo. Ya ce in gaya maka jaki ya yi aikinsa, ya kai shi har gindin gawo, Allah ya yi maka albarka. Na ce zan rubuta maka ka aiko da murfin tanki ta hannun Ɗan Baba. Ya ce a'a. Ya ce robar da ya yanka za ta kai baɗi, ba za ta wuce baɗi ba. Murfi kuwa kada ka ba direba, ka sa shi a aljihunka ka kawo da kanka, kafin ruwan shukar baɗi.

Allah ya sada mu da alheri.

Ƙanwarka,
Zalika.